Gidaje Arba'in da Bakwai da Takardarku Ta Mayar Daji

Zuwa ga Mai Girma Shugaban kwamitin da ya turo ma'aikata ƙidayar gidaje da zana taswirar ƙauyukan yankinmu.

Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu.

Bayan gaisuwa mai yawa da girmamawa, ina fatan wannan takarda za ta ishe ka lafiya, kai da iyalinka da abokan aikinka. Ranka ya daɗe, ka gafarce ni da ban ambaci sunanka ba, ban san shi ba ne. Abin da na sani naka shi ne hatimi da sa hannun da ke ƙasan takardar da aka liƙa a bangon makarantar firamaren garinmu. Sau biyu ina hawa mashin zuwa ofishin hayar da aka ce nan kwamitinku ke zama. Zuwan farko na ishe shi a kulle. Na biyu na ishe wani akawu da ya ce ka yi tafiya, in bar saƙo. Na bari, yau wata biyu ke nan shiru. Shi ya sa na rubuto a bainar jama'a, ko wani da ya san ka zai karanta maka.

Sunana Rabi'atu, matar Malam Lawal tela, daga Tudun Marke a ƙasar Faskari. Shekara goma sha ɗaya ke nan ina aikin rigakafin yara gida-gida a garinmu. In na ɗiga wa yaran gida magani sai in yi alama da alli a jikin bangon zaure, in rubuta a littafina. Ba ni da zurfin boko, amma babu ƙofar da ban taɓa yin sallama a bakinta ba a garin nan. Na san gidan da kare yake, na san gidan da sai an jira mai gida ya dawo gona. Da wannan sanin nake magana.

Na ɗaya: yadda garinmu yake.

Tunda ma'aikatanka ba su gaya maka daidai ba, bari in zana maka shi da baki. Tudun Marke gari ne ƙarami, rafi ya raba shi biyu. Ta gabas akwai tudun, inda masallacin Juma'a da makaranta da 'yar kasuwar yamma suke. Daga nan hanyar mota ta rabu, ɗaya ta yi arewa ta ɓulle Ƙanƙara, ɗaya ta yi kudu ta wuce Daudawa, wadda mutanenmu ke bi in za su Sabuwa ko Damari wurin dangi. Ta yamma, in ka tsallaka rafin, akwai Hayin Maƙera, bayansa kuma dutse ne da rugar Fulani guda biyu a gindinsa. Gefe da gefen rafin fadama ce, inda ake noma shinkafa da damina, rake da albasa da tumatir da rani.

Hayin nan shi ne asalin garin. Can maƙera suka fara sauka saboda ruwa, can tsohuwar maƙabarta take, can aka haife ni, can yayana Haruna yake zaune a gidan mahaifinmu da matansa da ɗiyansa. Tudun ma daga baya aka hau shi, da hanya ta zo.

Ba zan ɓoye maka ba, a shekarun da ɓarayin daji suka matsa mana, gida tara sun tashi daga hayin, wasu suka koma Faskari, wasu Funtuwa. Shida sun dawo sun gyara rufinsu. Uku ne har yanzu a rufe, ciyawa ta cinye tsakar gidansu. In aka cire ukun nan, gidajen da ake hura wuta a cikinsu yau a Hayin Maƙera arba'in da bakwai ne. A zagayen rigakafi na ƙarshe kafin zuwan mutanenka, yara ɗari da goma sha biyu na ɗiga wa magani a hayin kaɗai. Sunan kowane da na uwarsa yana cikin littafina.

Na biyu: ranar da suka zo.

Su huɗu ne, duka maza, a farar mota mai buɗaɗɗen baya. Babbansu suna ce masa Injiniya. Sun zo da rani, bayan an gama sussukar dawa, kuma ranar kasuwar Ƙanƙara. Duk wanda ya san yankin nan ya san a irin wannan rana tun da hantsi magidanta sun ɗaura buhuna a mashin sun tafi, ba a barin kowa a gari sai mata da tsofaffi. Mai Unguwa, Baba Isiyaku, ya roƙe su da su dawo washegari. Injiniya ya ce jadawalinsu ba ya ɗaukar canji.

Da yake maza ba sa shiga gidajen matan aure, sai Mai Unguwa ya aika a kira ni in raka su. Mijina ya ba ni izini. Ina shiga gida in tambayi mata mutum nawa ke kwana a ciki, in fito in gaya musu, ɗayansu yana danna wata na'ura mai kama da babbar waya. Haka muka zagaye tudun kaf, kuma a nan ban ga wani ha'inci ba, gaskiya gaskiya ce.

Bayan azahar muka sauko bakin rafi. Na tattare hijabina zan shiga gaba, sai Injiniya ya ce in tsaya. Ya ce, “Hajiya, can babu tsaro, an hana mu tsallakawa.” Na ce masa ga hayaƙin girki can yana gani, ga yara can suna kora awaki, ni ma can zan je in gaida matan yayana in mun gama. Ya ce kada in damu, na'urarsu tana gani daga sama, za ta ƙirga rufin gidajen da kanta. Rafin a lokacin busasshe ne, yashi ne zalla, ko ƙafa ba ta jiƙewa. Daga inda muka tsaya zuwa zauren farko na hayin bai kai tafiyar da mace ke yi zuwa rijiya ba.

Na bi su muka juya, don na ɗauka sun fi ni sanin aikinsu.

Na uku: takardar da na sa wa hannu.

Da za su tafi, Injiniya ya ɗora wata takarda a kan motar ya miƙo mini biro. Ya ce shaida ce kawai cewa mace 'yar gari ta raka su. Saman takardar a naɗe yake, ƙasan kawai na gani, inda aka ja layi. Da Turanci take, ni kuwa Turancina bai wuce na karanta sunan magani ba. Na rubuta sunana.

Wannan laifina ne, ba na ɗora wa kowa. Mahaifina ya sha gaya mana kada mu sa hannu a abin da ba mu karanta ba, kuma na san haka. Kunya ce ta hana ni cewa a buɗe mini, ga manyan mutane tsaye cikin rana suna jirana. Amma ina so ka sani, Ranka ya daɗe, ba a karanta mini komai ba, ba a kuma ce mini ina shaida a kan hayin ba.

Na huɗu: abin da aka liƙa mana.

Bayan kamar sati shida aka kawo takarda biyu aka liƙa a makaranta, ɗaya jerin ƙauyuka da yawan gidajensu, ɗaya taswira. Shugaban makarantar ne ya karanta wa jama'a bayan sallar la'asar. Yawan gidajen da aka ba Tudun Marke na tudun ne kaɗai. A taswirar, rafin ne iyakar gari. Duk abin da ke bayansa, da hayin da maƙabarta da rugagen biyu, an shafe shi da launin kore, an rubuta wata kalma a kai. Malamin ya ce ma'anarta fili ne wanda babu mazauna. A ƙasa kuma, wajen shaidar 'yan gari, ga sunana da rubutun hannuna.

Da farko na ce kuskure ne. Na'ura ai ba ta da ido irin na mutum, ƙila rufin ciyawa ya yi mata kama da daji. Amma fiye da rabin gidajen hayin rufin kwano ne, yana ƙyalli tun daga kan hanya. To ko ta makance da gidaje, me ya sa ta ga dutsen da ke bayansu, har da kukar da ke gindinsa?

Akwai abin da ya fi wannan ɗaure mini kai. Rafinmu ba miƙaƙƙe ba ne. In ya sauko daga arewa sai ya yi gwiwa ya lanƙwasa yamma, ya bar wata faffaɗar fadama a ɓangaren tudun, sannan ya dawo. Kowane yaro a garin nan ya san wannan gwiwar, can ake kamun kifi in ruwa ya ja. A taswirarku babu gwiwa. An ja rafin ɗoɗar kamar da zare, an matso da shi har gindin gidajen tudun. Da haka fadamar gabas ma ta faɗa cikin koren nan. Wato duk ƙasa mai laima da garin nan ya mallaka, gabas da yamma, ta zama ta ba kowa, an bar mana tsandauri.

Kuskure yakan faɗi ko'ina, wani ya ci riba wani ya yi asara. Wannan kuskuren kuwa duk inda ya faɗi, a kan ƙasa mai kyau yake faɗi. Zato zunubi ne, na sani, amma ruwa ba ya tsami banza.

Na biyar: turakun siminti.

Ranar da aka karanta takardar ne yayana Haruna ya faɗi abin da bai ɗauka da muhimmanci ba a da. Ya ce kwana uku kafin zuwan ƙidayar, yana ban ruwan albasa ya ga farar mota mai buɗaɗɗen baya ta tsallaka rafin ta tsaya a fadama. Mutum uku suka fito, biyu suna jan igiyar awo, ɗaya, wani Alhaji mai babbar riga da bai taɓa gani ba, yana tsaye yana nuni da sanda. Ya yi musu barka da zuwa, suka amsa sama-sama. Da na kwatanta masa Injiniya, tsawonsa da tabon da ke haɓarsa, ya ce shi ne mai riƙe da bakin igiyar.

Ashe ranar nan akwai tsaro. Sai ranar ƙirga mutane ne babu.

Sati biyu bayan liƙa takardar, masu zuwa lambu da safe suka ishe turakun siminti a kafe, an shafa musu jan fenti a ka. Na je na ƙirga da kaina, goma sha huɗu ne. Sun faro daga gwiwar rafin, sun bi bayan maƙabartar, sun ratsa ta tsakiyar gonar Haruna. Babu wanda aka tambaya. Baba Isiyaku ya rantse a gaban jama'a ba a sanar da shi ba, ya kuma tafi wurin na sama da shi, suka ce su ma ba su da labari. Ko gaskiya suka faɗa masa, Allah ne masani. Yanzu a garin nan kowa kallon kowa yake yi.

Ban ce kai ka aiko a kafa su ba. Ban ce an sayar da fadamarmu ba, don ban ga takardar ciniki ba. Abin da na gani shi ne an fara awon ƙasa, sannan aka ƙi ƙirga masu ita, sannan aka rubuta babu su, sannan aka kafa turaku. Ko ni da ban yi karatu mai nisa ba, na iya jera abu huɗu in ga inda suka dosa.

Akwai kuma maganar ɗakin shan magani. Ma'aikatanka da bakinsu suka ce ƙidayar don a san garuruwan da suka cancanci a gina musu shi ne, gwargwadon yawan gidaje. Da hayin mun cancanta, babu shi ba mu kai ba. Matanmu za su ci gaba da hawa mashin da naƙuda zuwa Daudawa. Wannan ma zafi ne, amma mun saba da shi. Rashin ƙasa ne ba mu saba da shi ba.

Na shida: abin da ya same ni.

Wannan ne ya sa na ɗauki biro. Da zagayen rigakafi ya sake zuwa, na ɗauki akwatin maganina na tsallaka hayin kamar kullum. Abu na farko da na lura da shi, an wanke duk alamun allin da na yi a bangon zaurukan. Wani wurin har an kankare ƙasar bangon. Ashe magana ta bazu cewa allin nan da nake rubutawa shekara da shekaru lissafi ne nake yi wa masu son fadama.

Na yi sallama a gidan Inna Hajara. Ita ce tsohuwar ungozomar hayin, ita ta karɓi haihuwata, ita ta yanke mini cibi. Jikokinta biyar ne ke ƙasa da shekara biyar. Na ishe ta zaune a zaure a kan tabarma, ta miƙe ƙafa ta tare hanya. Na durƙusa na gaishe ta, ta amsa. Sannan ta ce, “Rabi, wa kika zo ɗiga ma magani? Ai ba kowa nan. Ke kika ce.”

Na yi mata bayanin naɗaɗɗiyar takardar. Ta saurare ni har na gama, ba ta katse ni ba. Sai ta ce, “Na ji. Amma hannunki ne ko ba naki ba?” Na ce nawa ne. Ta ce to in tashi, rana na yi.

A ranar, cikin gida arba'in da bakwai, tara ne suka bar ni na shiga. Gidan mahaifina ma sai da Haruna ya sa baki matansa suka fito da yaran, kuma babbar ba ta dube ni ba har na fita. A hanyar dawowa na zauna a kan yashin rafin na yi kuka, akwatin yana cike da magani kusan kamar yadda na ɗauko shi. An turo wata daga Daudawa ta maye gurbina a zagaye na gaba, ita ma suka ce ai tafiyarmu ɗaya. Ga lokacin ƙyanda yana ƙaratowa. Yaran nan ba su san taswira ba, amma su za su fara biyan abin da aka zana a cikinta.

Mijina ma ya ji a jikinsa. Mutanen hayin da suka saba kawo masa ɗinki yanzu Ƙanƙara suke kaiwa. Bai taɓa yi mini gori ba, sai dai ya ce in rubuta, shi zai kai inda za a buga.

Ban ga laifin mutanen hayin ba. Da ni ce a matsayinsu, abin da zan yi ke nan.

Abin da nake roƙo.

Ranka ya daɗe, mai yiwuwa ne kai ma rufe ka aka yi, ka sa hatimi a kan abin da aka kawo maka kamar yadda na sa hannu a kan abin da aka miƙo mini. In haka ne, gyara ba zai yi maka wuya ba. In kuwa ka sani, to ka san mu ma yanzu mun sani. Ga buƙatuna:

1. A kawo ainihin takardar da na sa wa hannu, a buɗe ta gaba ɗaya, a karanta ta da Hausa a ƙofar masallacin Juma'a, a kuma faɗa wa jama'a ko an karanta mini ita a ranar. In ba za a iya ba, a cire sunana daga ƙasan taswirar.

2. A dawo a sake ƙidayar a ranar da ba kasuwa, a sanar da Mai Unguwa tun da wuri. A tsallaka rafin da ƙafa, a shiga hayin gida-gida, a je rugagen. Littafina yana nan, duk mai son ya gwada shi da abin da ya gani da idonsa, ga shi.

3. A mayar wa rafinmu gwiwarsa a taswira.

4. A gaya mana wanda ya kafa turakun nan, da izinin wa, kuma wane ne Alhajin da aka yi wa awo. In ba kwamitinku ba ne, ku faɗa a rubuce, mu san inda za mu nufa. A tambayi Injiniya abin da ya kai shi fadamarmu kwana uku kafin aikinsa.

5. Kafin a yi duk wannan, a dakatar da amfani da taswirar a kowane ofishi.

Damina ta kusa. Magidantan hayin sun taru sun tambayi Baba Isiyaku ko su shuka shinkafa a tsakanin turakun ko su jira. Ya ce su shuka, kuma kada wanda ya taɓa turke ko ɗaya, kada a samu abin kama mu da shi. Matasa ba su ji daɗin wannan ba, amma sun bi. Ban san har yaushe za su ci gaba da bi ba, shi ma tsohon bai sani ba. Gara ka zo tun maganarsa tana da nauyi.

Ina roƙon Allah Ya yi maka jagora, Ya haɗa ka da mashawarta na gari, Ya tsare ka daga sa hannu a kan haƙƙin wani, Ya sa ka gama da wannan kujera lafiya. Allah Ya ba ƙasarmu zaman lafiya, Ya ba mu damina mai albarka, amin.

In Allah Ya kawo ka, ka sa a kira ni, zan raka ka har ƙofar gidan Inna Hajara. Sai dai wannan karon kai za ka shiga gaba ka yi sallama, don ni yanzu ba a ba ni hanya. In ta tambaye ka wa ka zo nema, sai ka ba ta amsa da bakinka.

Wassalam.

Rabi'atu, matar Malam Lawal tela,
Tudun Marke, ƙasar Faskari.